Rijiya ta bayar, guga ya hana

Wata ranar Laraba cikin watan Afrilu na shekarar 2018, lokacin da zafin bazara ya kai inda ya kai a Maraɗi, na tsaya a wata ƴar rumfar fotokofi kusa da tasha domin a kwafa mini takardar haihuwar ɗiyata. Ina jiran yaron ya sallami waɗanda suka riga ni, sai idona ya faɗa kan wasu fasikil da aka jera a kan teburi, an danne su da dutse don kada iska ta kwashe. Na ɗauki ɗaya ina buɗewa don rage zaman jira. Ban kai shafi na uku ba sai da gabana ya faɗi, domin kuwa aikina ne. Darussan nahawu ne da na jera, Hausa a hannun dama, Faransanci a hannun hagu, waɗanda na yi shekara goma sha ɗaya ina tarawa, ina gyarawa, ina gwadawa a aji. An cire bangon da ke ɗauke da sunana an sa wani. Sauran kuwa ba a taɓa kome ba, har kuskuren da na yi a shafi na 17, inda na manta ƙugiyar kalmar «ɗaki», yana nan yadda na bar shi.

Yaron da ya ga na daɗe ina dubawa sai ya ce: «Mushe, ka saya, wallahi yana da kyau. Ƴan ajin BEPC rububinsa suke yi. Jika guda ne.» Na ce: «Samari, wa ya rubuta shi?» Ya ce: «Ban sani ba, Mushe, amma an ce daga Yamai ya fito.» Na biya kuɗin takardar ɗiyata na tafi ban ce masa kome ba. A daren nan ban yi barcin kirki ba. Ni nake sayar wa ɗalibaina wannan fasikil a kan dala ɗari, in fid da kuɗin takarda da tawada, abin da ya yi saura in ƙara a kuɗin cefane. Ga shi wani yana sayar da shi ninki biyu, ya kuma ba Yamai ladar aikin da aka yi a ɗakina da fitilar kwai. Da gari ya waye na yanke shawara: daga yau abin da na rubuta ba zai sake fita daga akwatina ba. Zan riƙa rubuta shi a allo, wanda ya kwafa ya kwafa.

Na riƙe wannan alkawari wajen shekara biyu. Abin da ya sa na warware shi, shi nake so in ba ƴan'uwana malamai labari, domin na san da yawa daga cikinmu suna da irin akwatina.

Mu da muka shiga lakwal a ƙarshen shekarun 1980 mun san ƙishirwar littafi. A ajinmu littafin karatu ɗaya mutum huɗu ko biyar ke taruwa a kansa, wanda ya zauna a gefe sai dai ya karanta a karkace. Rabin lokacin darasi a kwafe daga allo yake tafiya. Amma mun yi sa'ar malami. Yana daga cikin waɗanda aka horar domin makarantun gwaji, waɗanda aka fara buɗewa a Damagaram a 1973, inda yaro ke fara karatu da harshen da ya sha a nono kafin a shigar da shi Faransanci. Mutumin nan yana da kaye-kaye masu baƙin bango fiye da ashirin, cike da karin magana, da kacici-kacici, da kalmomin lissafi da ya ƙirƙira da kansa, da dabarun koya wa yaro bambancin k da ƙ. Ba ya yarda kowa ya taɓa su. In ya gama darasi sai ya mayar da kayen jaka ya zuge.

Ya rasu a ƙarshen 2019. Bayan sadakar arba'in na je gaida iyalinsa, na roƙi uwargidansa ta bar ni in duba takardunsa. Ta ce: «Ɗana, ga akwatin can a ɗakin ajiya, tun da ya yi ritaya ba a buɗe shi ba. In akwai abin da zai amfane ka, ɗauka, shi ma zai samu lada.» Muka jawo akwatin tsakar gida. Da na ɗaga murfin sai ƙasa ta zubo. Gara ta shiga ta ƙasa ta gina gidanta a ciki. Daga kaye ashirin da wani abu, shafuka goma sha huɗu na iya tsamowa waɗanda ake iya karantawa. Tsohuwar ta tsaya tana kallona, ta ce: «Ashe abin da yake ta ɓoyo ke nan.» Na koma gida na dubi nawa akwatin, na ga shi ma na katako ne.

Ba a jima ba annobar korona ta zo, aka rufe makarantu daga watan Maris zuwa farkon Yuni na 2020. Ɗalibaina masu shirin jarrabawa suna gida, ba littafi, ba malami, darussan da za su taimake su kuwa suna kulle a ɗakina. A cikin wannan zama ne wata abokiyar aiki, wadda ta taɓa yin horon malamai daga nesa na shirin IFADEM, ta ara mini ɗaya daga cikin littattafan horon. A shafin farko ta nuna mini wata ƴar alama mai harufa biyu, CC, da rubutu ƙanana a ƙarƙashinta. Ta ce: «Malam, ka karanta wannan. Masu littafin da kansu sun ce a kwafa a raba, muddin an faɗi sunansu.» Na karanta sau biyu. Duk littafin da na sani a rayuwata gargaɗi yake yi wa mai kwafa, wannan kuwa gayyatarsa yake yi.

Daga nan na shiga bin sawun al'amarin. A 2001 wata babbar jami'ar kimiyya ta Amurka, MIT, ta ba da sanarwar cewa za ta zuba darussanta a intanet kyauta ga duk mai so. A shekarar kuma aka kafa Wikipedia, aka kafa ƙungiyar Creative Commons, wadda ta fito da lasisinta na farko a watan Disamba 2002. A 2002 ɗin ne, a wani taro da UNESCO ta kira a Paris, aka raɗa wa irin waɗannan kayan karatu suna, wanda masu Faransanci ke taƙaitawa da REL. Ni dai a Hausa ina kiran su kayan karatu na kowa da kowa. Aka yi sanarwar birnin Kef na Afirka ta Kudu a 2007, da ta Paris a 2012, har a watan Nuwamba 2019 ƙasashen UNESCO suka amince da wata shawara ta bai ɗaya, wadda ta nemi gwamnatoci su horar da malamai a kan wannan aiki, su kuma saki kayan karatun da aka yi da kuɗin jama'a domin jama'a. A Nuwamba 2024 an sake taruwa a Dubai, inda aka tattauna yadda wannan tafiya za ta kasance a zamanin na'urori masu ƙirƙirarriyar basira.

Abin da ya kamata malami ya gane shi ne, kyauta da buɗewa ba ɗaya ba ne. Littafin da aka ba ka kyauta amma aka hana ka taɓa harafi ɗaya a cikinsa, kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Buɗaɗɗen littafi shi ne wanda mai shi ya ba ka izini tun da farko ka ajiye, ka kwafa, ka fassara, ka rage, ka ƙara, ka raba wa wasu, ba sai ka rubuta masa takarda kana jiran amsa ba. Haƙƙinsa bai faɗi ba, sharaɗi ya gindaya. Sharuɗɗan da ake zaɓa daga ciki huɗu ne: a ambaci sunan mai aiki, wanda ya gyara ya saki nasa gyaran bisa irin wannan izini, kada a yi kasuwanci da shi, kada a sauya shi. Daga haɗa waɗannan ake samun lasisi iri shida. Na ƙarshen, wato hana sauyi, shi ne ke rufe ƙofar fassara, don haka ba a lissafa aikin da ke ɗauke da shi cikin buɗaɗɗun kayan karatu na sosai.

Da na kai wa kawuna wannan labari, shi da ya yi shekara hamsin yana ba da karatu a zaure, sai ya yi murmushi ya ce: «Kai yaro, wannan ne sabon abin da Turawa suka gano?» Ya shiga ɗaki ya fito da gafaka, ya zaro wani littafin fiƙihu na rubutun hannu, ya nuna mini shafin ƙarshe. Mai kwafar ya rubuta sunan mawallafi ya yi masa addu'a, ya rubuta nasa sunan, ya roƙi mai karatu ya gyara kuskuren da ya gani. A gefen shafuka kuma ga bayanan ajami da hannu daban-daban, kowane almajiri ya ƙara abin da ya ji daga malaminsa. Kawu ya ce: «Haka littafi ke tafiya a ƙasar nan tun kafin a haifi kakanka. Ka ara, ka kwafa, ka mayar. Abu ɗaya ne haramun: ka shafe sunan mai shi.» Dubban rubuce-rubucen hannu da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai ta wannan hanya suka iso gare mu. A ranar na gane abin da ya ƙona mini rai a rumfar fotokofi. Kwafar ba ta dame ni ba kamar yadda na zata. Bangon da aka cire shi ne ciwon.

To, rijiya dai ga ta, cike da ruwa. Amma Bahaushe ya ce rijiya ta bayar, guga ya hana. A ƴan shekarun nan na ƙirga guga huɗu da ke tsakaninmu da ruwan nan, kuma ba na jin adalci ne a yi ta yabon rijiyar ba a faɗe su ba.

Na farko shi ne tsada. Abin da ake kira kyauta a intanet sai an sayi forfe kafin a gan shi, sai waya ta samu caji, sai kuma an biya dala biyar a kowane shafi in ana so ya zama takarda a hannun yaro. Malami ɗan kwantiragi a ƙauyen da ba wuta, wanda ke hawa tudu neman layi, ba zai sauke littafi mai nauyin hotuna ba. Akwai dabaru. Manhajar Kiwix, da aka fara a 2007, tana ba mutum damar ɗaukar Wikipedia da wasu taskoki a cikin waya ko ɗan katin ajiya, ya karanta ba tare da intanet ba. Mu ma a makarantarmu mutum ɗaya ke saukewa, saura su karɓa daga waya zuwa waya. Duk da haka, wanda zai rubuta domin mu ya kamata ya tuna cewa aikinsa a baƙi da fari za a buga shi, a kan takarda mai arha.

Na biyu shi ne harshe. Mafi yawan ruwan rijiyar nan da Ingilishi yake. Malaman lissafi sun fi mu sa'a, domin ƙungiyar Sésamath ta malaman Faransa, wadda aka kafa a 2001, ta saki littattafanta. Na Hausa kaɗan ne, kuma yawancinsu daga Najeriya suke fitowa. A nan ne na ga amfanin izinin gyara da idona. Na ɗauko wani ɗan labari daga taskar African Storybook, wadda wata cibiya ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, na kai wa ƴan ajin farko na kwaleji. Muka karanta, sannan na ce su mayar da shi namu. Inda aka rubuta 'y da ɗan waƙafi a sama, suka sa ƴ mai ƙugiya, yadda ƙa'idar rubutunmu ta 1999 ta tanada. Inda yarinyar labarin ta biya naira, suka yi gardama har suka daidaita a kan dala ashirin. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara ya ce a garinsu ba haka ake kiran wannan tsuntsu ba, ya faɗi sunan da ya sani, muka rubuta. A ƙasan shafi muka sa sunan marubuciyar asali da na mai zane, sannan muka ƙara: ƴan aji kaza suka daidaita. Ban taɓa ganin yara sun riƙe takarda da irin wannan girmamawa ba.

Sai dai a kula. Tun da na'urori suka fara fassara Hausa, intanet ta cika da rubutun da kalmominsa na Hausa ne amma ƙashinsa na wani harshe ne. Araha ba ta ado. Abin da malami bai tace ba, kada ya kai shi gaban yara don kawai an ce kyauta ne.

Guga na uku shi ne cikin marubuci. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ban yarda da masu wuce ta da sauri ba. Farfesan Amurka da ya saki darasinsa albashinsa na jiransa a ƙarshen wata. Marubucin Hausa a Damagaram ko Tawa, wanda ya sayar da akuyarsa ya buga littafi, in aka ce ya saki kyauta, me zai ci? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ra'ayina shi ne a raba abu biyu. Wanda ya rubuta ƙagaggen labari ko waƙa da guminsa, haƙƙinsa ne ya sayar, kuma wajibi ne mu saya, mu hana ɗalibanmu kwafarsa ba izini. Amma littafin da gwamnati ko wani shirin taimako ya biya aka rubuta, an riga an biya shi da kuɗin jama'a, bai kamata ya mutu ranar da shirin ya nannaɗe tabarmarsa ba. Mu nawa ne muka san kyawawan littattafan Hausa da aka buga a farkon shekarun 2000, waɗanda yau ko da kuɗi ba a samunsu, kuma ba wanda ya san wa zai ba da izinin sake buga su? A biya marubuci hakkinsa da kyau sau ɗaya, sannan a saki aikin. Wani alherin wannan lasisi kuma shi ne ba a janye shi. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris 2025, amma littafin da abokiyar aikina ta ara mini yana nan da izininsa, ba wanda zai karɓe shi daga hannunmu.

Guga na huɗu ni ne, da ire-irena. Mukan ce tsoron ɓarayi ne ke sa mu ɓoye aikinmu. Da na binciki zuciyata sai na tarar da wani tsoron a ƙarƙashin wannan: kada wani malami ya karanta ya ga kuskurena. Wanzami ba ya son jarfa. Mun saba mu riƙe jan biro a kan takardar yara, ba mu saba a riƙe shi a kan tamu ba.

A hutun damina na 2020 na zauna na sake buga fasikil ɗin nan, na gyara «ɗaki», na sa sunana a ƙasan kowane shafi yadda cire bango ba zai shafe shi ba. Na ƙara shafuka goma sha huɗun da na tsamo daga akwatin malamina, bayan na nemi izinin iyalinsa, da sunansa a kansu. Akwai tatsuniyoyi shida da na ɗauka daga bakin innata. Na je na tambaye ta ko ta yarda. Ta ce: «To, ni ma ai ba ni na ƙaga su ba, a wurin kakarka na ji. Ka dai rubuta cewa daga gidanmu suka fito.» Na zaɓi sharuɗɗa biyu: a ambaci suna, wanda ya gyara kuma ya saki gyaransa. Na daɗe ina tunani a kan hana kasuwanci, daga baya na bar shi, domin na lura cewa yaron rumfar fotokofi shi ne maɗaba'ar talaka. In na hana shi, yaran da ba su da waya na hana.

Ba zan ce ban yi hasara ba. Ɗan abin da nake samu na cefane ya tsaya, uwargida kuma ba ta fasa tuna mini ba. Har yanzu akwai masu goge sunan. Amma bayan wata biyar wani malami daga wajen Tawa, wanda ban taɓa gani ba, ya aiko mini da saƙo mai tsawo. Ya nuna mini wurare tara da na yi kuskure ko na ɗauki karin harshen garinmu na mai da shi doka. Na yi kwana biyu ina fushi, a na uku na duba na ga a bakwai yana da gaskiya. Wata malama kuma ta ɗauki tsarin ta zuba misalan Zabarmanci a gurbin na Hausa. Fasikil ɗin da ke yawo yau ya fi wanda na rubuta kyau, kuma sunaye huɗu ne a kansa.

Abin da ya sa na ga lokacin wannan magana ya yi shi ne, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tun dokar ilimi ta 1998 ake faɗin matsayin harsunanmu a makaranta, tun kafin nan ma Abdu Mumuni ya yi wannan kira a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka. Amma doka ba ta koyar da yaro. Ranar da za a ce a koyar da ilimin ƙasa ko na halittu da Hausa, da wane littafi za mu shiga aji? In muka zauna jiran a rubuto mana daga sama, za mu daɗe. Alhali kuwa rabin littattafan nan an riga an rubuta su, suna warwatse cikin akwatunan malamai daga Doso har Difa. Haka yake ga Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamashek, da Barbarci, kuma abin da ɗayanmu ya saki ɗan'uwansa na iya juya shi zuwa nasa harshe.

Don haka ina roƙon ƙungiyoyinmu na al'adu da na malamai abu uku waɗanda ba sa bukatar kuɗin kowa. A ziyarci tsofaffin malamai tun suna da rai, a nemi izininsu a ɗauki hoton kayensu shafi-shafi. A kafa ƴan kwamitoci na mutum uku ko huɗu masu tace abin da za a saki, domin kada mu cika rijiyar da laka. Sannan kowane aiki ya fita da sunan mai shi da sharaɗinsa a rubuce da Hausa, yadda mai rumfar fotokofi zai karanta ya gane.

Kwanan baya na sake bi ta rumfar nan. Yaron ya girma, har ya sayi inji na biyu. Fasikil ɗin na nan a kan teburi ƙarƙashin dutse, sabon bugu, dala ɗari da ashirin. Na tambaye shi wa ya rubuta. Ya duba ƙasan shafi ya karanto mini sunan malamina, sannan nawa. Na sayi ɗaya na kai wa tsohuwar. Allah ya jiƙan waɗanda suka koya mana, ya ba mu ikon miƙa abin da muka karɓa.